Titunan Legas daga ƙasa suke lalacewa: a niƙe tsohon titi a ɗaure shi, a daina faci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana a kan gyaran tituna a Legas, musamman na cikin unguwanni da kasuwanni inda jama'armu suka fi zama da neman abinci, irin su Agege, Mile 12, Idi-Araba, Alaba Rago da Ijora. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa sana'armu ke nan, wasunmu a ɗakin gwajin ƙasa, wasu a kan injuna, wasu a awo. Da zarar ruwa ya ɗauke sai a fito cike ramuka, ko a shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa, titi ya yi baƙi wuluk. Kafin damina biyu su wuce, ramukan sun dawo a daidai inda suke. Jama'a sai su ce kwaltar ce ba ta da kyau. Wani lokaci haka ne, amma galibi ba laifinta ba ne, abin da ke ƙarƙashinta ne ya riga ya mutu.

Titi hawa-hawa ake gina shi. Can ƙasa akwai ƙasar wurin ta asali, a kanta a zuba marmara, a kan marmarar a yi tushe na dakakken dutse ko marmara mai kyau mai kaurin milimita 150 zuwa 200, sannan a rufe da kwalta, wadda a titin unguwa ba ta cika wuce milimita 40 zuwa 60 ba. Tushen nan shi ke ɗaukar nauyi, kwalta rufi ce da ke hana ruwa shiga. Idan ta tsage, ruwa ya sauka ya jiƙa tushen, to duk tayar da ta bi ta wurin sai ta matse ruwan ya fito ta tsagar ɗauke da garin ƙasa. Duk wanda ke son ya gani da idonsa, ya tsaya bakin titi bayan an ɗauke ruwa, zai ga jan taɓo ya yi zane a bakin tsagogin. Wannan jan zanen tushen titin ne ke fita kaɗan-kaɗan. Daga nan sai kwaltar ta farfashe gida-gida, abin da masu aikin ke kira fatar kada, sannan rami ya buɗe. Shimfiɗa sabuwar kwalta a kan irin wannan wuri gyaran gangar Auzinawa ne, domin ban da cewa ba za ta daɗe ba, tana ƙara wa titi tsayi har ya ɗara ƙofofin shaguna, ruwan sama ya riƙa kwarara cikin gidajen mutane.

Legas kuwa ta haɗa duk abin da tushe ba ya so. Ruwan sama a shekara ya haura milimita 1,500, ruwan ƙarƙashin ƙasa a kusa yake, ga manyan motoci daga tashoshin Apapa da Tin Can dare da rana. Gwajin da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ɓarnar da mota ke yi wa titi ba daidai da nauyinta take hawa ba. Idan aka ninka lodin da ke kan aksul ɗaya (ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da na dama) sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Wato aksul mai ɗauke da tan 16 yana cin titi kamar aksul 16 masu tan 8 kowanne. 'Yan'uwanmu direbobi da masu lodi su riƙe wannan.

Idan an gane tushe ya mutu, abin da aka saba shi ne a kawo katafila a kankare komai, a kwashe a zubar, a sayo sabon dutse daga wuraren fasa dutse na jihohin Ogun da Oyo. Ga lissafinsa a titi mai faɗin mita 7.3 da tsawon kilomita ɗaya, idan za a canja kaurin milimita 200: kayan da za a kwashe sun kai kusan tan 2,900, wato sawun tifa mai tan 30 kusan ɗari, sannan wani sawu ɗari na shigo da sabo. Sawu ɗari biyu a cikin gosulon Legas, kowane sawu kuma yana taka wasu titunan yana rage musu kwana. Alhali dutsen da ke cikin tsohuwar kwaltar da tsohon tushen bai ruɓe ba, dutse ne har gobe. Abin da ya rasa shi ne abin da zai ɗaure shi ya hana ruwa sassauta shi.

Hanyar da muke kira a rungume ta ita ce a niƙe tsohuwar kwalta tare da tushen a inda suke, a gauraya da siminti ko layim ko kwalta mai kumfa, a daɓe, a rufe da sabuwar kwalta. A wannan kilomita ɗayan, abin da za a shigo da shi bai wuce tirela uku ta siminti ba, kamar yadda lissafi zai nuna a gaba. Akwai inji na musamman da ke wannan aiki, kamfanin Wirtgen na Jamus na cikin masu ƙera shi. A cikinsa akwai ganga mai faɗin mita 2 zuwa 2.4 cike da haƙoran ƙarfe, tana juyawa tana tauna titi har zurfin milimita 300 idan an so, tankar ruwa na gabansa an haɗa su da tiyo, kwamfuta na auna ruwan da ake fesawa gwargwadon saurin tafiya. Inda babu injin, ana iya fasa titin da haƙoran gireda a gauraya da injin huɗa, amma gaurayen ba ya kai wancan daidaito, kuma bai dace da titi mai kwalta mai kauri ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, wannan aiki idan aka yi shi da ka ya fi facin ɓarna. Kafin inji ya taka titi sai an bincika abin da ke ciki. Titunan Legas facin shekaru ne, nan marmara, can yashi, gaba kaɗan ɓaraguzan gini, shi ya sa muke ganin a haƙa ramin gwaji a kowace mita 200 zuwa 300, a auna kaurin kowane hawa, a ɗebi samfuri. A gwada ƙarfin ƙasar asali da sandar nan mai tsinin kai da ake bugawa da guduma mai kilo 8 daga tsayin milimita 575, ana rubuta nisan da take nutsewa a kowane bugu. A ɗakin gwaji kuma a haɗa samfurin daidai da yadda inji zai haɗa shi. Idan kwalta milimita 50 ce, za a ci milimita 150 na tushe, to kashi ɗaya cikin huɗu na haɗin tsohuwar kwalta ce. In da siminti za a yi aiki, kada tsohuwar kwalta ta wuce rabin haɗin, domin siminti ba ya kama dutsen da man kwalta ya lulluɓe kamar yadda yake kama tsiraren dutse.

Abin da ke nuna sinadarin da za a zaɓa shi ne danƙon ƙasar. A tankaɗe garin, a jiƙa, a murza a tafin hannu. Idan ya ƙi yin zare, yana wargajewa, danƙonsa kaɗan ne. Idan ya yi siririn zare mai kaurin milimita 3 yana lanƙwasa bai karye ba, yumɓu ya yi yawa. Ɗakin gwaji na mayar da wannan danƙo zuwa lamba. Ƙasa da 10, siminti kai tsaye. Sama da 20, siminti kaɗai ba zai gauraya ba, domin yumɓun zai dunƙule, simintin ya shafe bayan dunƙulen kawai, cikinsa ya zauna ɗanye. A nan sai a fara da layim, wato farar hodar da ake samu idan an ƙona farin dutsen da ake yin siminti da shi. Layim yana kashe danƙon yumɓu cikin sa'o'i, ƙasar da ke manne wa shebur ta koma tana rugurgujewa. Akan sa kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, a gauraya, a danne sama-sama, a bari kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a dawo da siminti. Adadin layim ɗin ma gwada shi ake yi: mafi ƙarancin da zai kai ruwan ƙasar 12.4 a ma'aunin pH, wanda ke auna tsami da kishiyarsa.

Adadin siminti kuwa shi ne inda aka fi yin ganganci. A ɗakin gwaji ake yin curi-curi da kashi 2, 3, 4 da 5 cikin ɗari na nauyin busasshen haɗin, a ajiye su cikin danshi kwana 7, a tsoma su a ruwa, sannan a matse su da inji har su fashe. Ƙa'idar hukumar binciken sufuri ta TRL ta Ingila ga ƙasashe masu zafi ta kasa tushe mai siminti aji biyu, na megafaskal (ma'aunin matsin da curi ke jurewa kafin ya fashe) 1.5 zuwa 3 da na 3 zuwa 6. Ga titin da kwaltar samansa siririya ce, shawararmu a tsaya tsakanin 2 da 3, a ɗauki mafi ƙarancin simintin da ya kai nan, wanda sau da yawa yakan faɗo a kashi 2 zuwa 4. Mutane na zaton ƙarin siminti ƙarin alheri ne. Ba haka ba ne. Tushen da siminti ya yi masa yawa yana ƙanƙancewa idan yana bushewa, ya tsage a gicciye daga gefe zuwa gefe kowace 'yar tazara, tsagar ta huda kwalta ta fito sama, ruwa ya samu ƙofa. Sirarar tsaga ba abin damuwa ba ce, mai faɗin da ta wuce milimita 3 ita ce matsala. Haka nan siminti mai lamba 32.5 ya fi dacewa da wannan aiki a kan mai lamba 42.5R, saboda na biyun saurin kamawa gare shi, ba ya ba ma'aikata lokaci.

Ga lissafin a fili, domin ko foman ko shugaban kasuwa ya iya bi. Kaurin milimita 200 na haɗin da nauyinsa ya kai kilo 2,000 a kowace mita kubik yana ba da kilo 400 a kowane murabba'in mita. Kashi 3 cikin ɗari na wannan kilo 12 ne. Buhu mai kilo 50 ke nan zai rufe murabba'in mita 4.2 kacal. A hannu ɗaya na titi mai faɗin mita 3.65, a ja layi biyu, a ajiye buhu a kowane layi duk bayan mita 2.3, a farke, a baje da manjagara har kada a ga tsibi ko fili. A kilomita ɗaya mai faɗin mita 7.3 jimilla tan 87.6, wato buhu 1,752, tirela uku masu buhu 600 kowace sun isa, har buhu 48 su yi saura. Idan motar barbaɗa siminti ce ke aikin, a shimfiɗa tamfol mai murabba'in mita ɗaya a gabanta, ta wuce, a ɗauka a ɗora a sikeli. In ba kilo 12 ba ne, a gyara ta kafin a ci gaba. Kuma zurfi na tafiya tare da wannan lissafi. Direban inji ya nutsa milimita 250 maimakon 200, simintin ya koma kashi 2.4, tushe ya yi rauni. Ya tsaya a 150, ya zama kashi 4 a siririn hawa, ga tsagewa ga rashin kauri. Don haka mutum ɗaya aikinsa ke nan, ya bi bayan inji da shebur da ruwula yana tona gefen yanka yana aunawa.

Saurin inji shi ma da ƙa'ida, tsakanin mita 6 zuwa 12 a minti. Idan aka yi gaggawa a inda kwalta ta yi fatar kada, haƙoran ba sa niƙa ta, ɓamɓare ta suke yi fala-fala, su binne a cikin haɗin. Kusan duk abin da ya fito bayan inji ya kamata ya ratsa rariya mai ido milimita 50. Kowane yanka ya hau kan na kusa da shi da milimita 150, in ba haka ba za a bar siririn layi marar siminti a tsawon titi, sau da yawa a daidai inda taya ke bi.

Ruwa kuma. Kowane haɗi na da danshin da ya fi daɓuwa a kansa. A ce gwaji ya ba da kashi 8, a wurin aiki aka tarar da kashi 6, to za a ƙara kashi 2, wato lita 8 a murabba'in mita, lita 58,400 a kilomita, kusan tanka shida mai lita 10,000. Gwajin hannu na taimakawa: a damƙi haɗin a matse, ya dunƙule kamar dawo, ya bar ɗan danshi a tafi ba tare da ruwa ya tsattsafo ba, in an raba shi ya rabe biyu bai zube ba. Gara ya ɗan gaza da ya wuce, domin ruwan da ya yi yawa shi ke ƙara tsagewa, kuma rola sai ta riƙa tura ƙasar tana lilo a ƙarƙashinta. Ruwan ya zama mai tsabta, wanda za a iya sha. Ba na lagun ba, saboda gishirinsa yana taruwa a ƙarƙashin kwalta ya ɗaga ta, ba na kwata ba, saboda ruɓaɓɓen abu yana hana siminti kamawa. Wannan batu na ruɓaɓɓen abu ya shafi titunan kasuwanninmu ƙwarai. Inda titi ya daɗe a fashe a bakin kasuwar gwari ko mayanka, saman ƙasar cakuɗe yake da ruɓaɓɓen tumatir da albasa da kashin dabbobi da jini na shekaru. Idan irin wannan ya haura kashi 2 cikin ɗari na haɗin, siminti zai yi kwanaki bai kama ba, ko ya ƙi kamawa sam. A kankare wannan baƙar ƙasar a fitar da ita tukuna.

Daga lokacin da siminti ya haɗu da ruwa, sa'a biyu ake da ita a gama daɓe. Bayan nan ya fara kamawa, duk rolar da ta hau fasa abin da ya ɗauru take yi, nauyin da ake nema ba zai samu ba. Ma'anar wannan a Legas ita ce kada a barbaɗa siminti sai tankar ruwa da rola da gireda duk suna tsaye a wurin, da mai a cikinsu. Tankar da aka ce tana hanya, tana iya kwana a gosulo. A riƙa ɗaukar mita 100 zuwa 200 a lokaci guda, a gama, a matsa. Aikin dare ya fi sauƙi ta wajen zafi da cunkoso, in akwai fitilu. Rolar farko ita ce mai kumburai a jikin gangarta, wadda ake kira ƙafar tunkiya, domin ita ke daɓe daga ƙasa zuwa sama. Sai gireda ta fitar da gangare na santimita 2.5 a kowace mita daga tsakiya zuwa gefe, sannan rola mai santsi mai girgiza, a ƙare da mai tayoyin roba. Gireda yanka kawai za ta yi. Idan direbanta ya ga kwari ya tura siririyar ƙasa ya cike, wannan cikon ba zai manne da na ƙasansa ba, daga baya sai ya ɓare tare da kwaltar da ke kansa. Nauyin da ake nema kashi 98 cikin ɗari ne na wanda aka samu a ɗakin gwaji, ana tabbatar da shi ta haƙa ɗan rami a auna abin da aka tono, a cike ramin da yashin awo.

Sai jinya, wadda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi saboda ba ta da ban sha'awa. Kwana 7 saman tushe ya zauna da danshi. Ba a jiƙa shi da safe a bar rana ta ƙona shi har la'asar ba, domin jiƙa da bushewa a jere ya fi rashin jiƙawar illa. Abin da ke faruwa shi ne iskar kabon da ke cikin sarari tana shiga busasshen saman, ta cinye sinadarin da ya ɗaure shi, milimita kaɗan na sama su koma gari. A kan garin nan aka zuba kwalta, to a kan ƙura aka zuba ta, birkin tirela ɗaya zai tattare ta. Gane shi ba wuya: a karce da ƙusa, a ɗiga ruwan gwajin da ake kira finoftalin. Inda siminti ke da rai zai koma launin ruwan hoda mai ƙarfi, inda ya mutu ba zai canja ba. Abin da ya fi shi ne a fesa ruwan kwalta a rufe saman cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da hunturu. Akwai kuma dabarar da ke rage manyan tsagogi: bayan kwana biyu zuwa uku a bi kan tushen da rola mai girgiza sau biyu ko uku, ta yi masa ƙananan tsagogin da ido ba ya gani, ƙanƙancewar ta rarrabu a cikinsu maimakon ta taru wuri ɗaya, ƙarfin kuma yana dawowa domin simintin bai gama kamawa ba. A cikin kwanaki bakwan nan Keke da ƙananan motoci ba su da wata illa idan an rufe saman, amma tirela da tanka su dakata. A nan ne ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwa za su fi kowa amfani, don shingen ɗan kwangila ba ya tare direban da ya kwana uku a hanya da kayan gwari.

Inda tsohuwar kwalta ta yi kauri, ko ake buƙatar buɗe titi da wuri, kwalta mai kumfa ta fi siminti. Ana ɗumama man kwalta zuwa digiri 160 zuwa 180, a fesa masa ruwa kashi 2 zuwa 3 na nauyinsa, nan take ya kumbura ya ninka kansa kusan sau goma na 'yan daƙiƙoƙi, a cikin wannan hali ake gauraya shi da niƙaƙƙen titi. Akan sa kusan kashi 2 zuwa 2.5 na kwalta da siminti da bai wuce kashi 1 ba. Ba ta lulluɓe manyan duwatsu, garin take kamawa ta ɗaure shi ɗigo-ɗigo, shi ya sa dole a samu garin da ke ratsa rariyar milimita 0.075 kamar kashi 5 cikin ɗari, in babu sai ta dunƙule baƙi-baƙi ta manne wa rola. Irin wannan tushe ba ya tsagewar ƙanƙancewa, kuma mota na iya hawa da zarar an gama daɓe. Afirka ta Kudu ta yi nisa a kansa. Cikas ɗinsa tsada, domin man kwalta shigo da shi muke yi duk da arzikinsa da ke kwance a Agbabu ta jihar Ondo, sannan ba ya son ƙasa mai yumɓu.

A yi hattara da ruwan jarka da wasu ke tallatawa, wai a zuba lita kaɗan a tankar ruwa ƙasa ta zama dutse. Ba mu ce duka ƙarya ba ne. Amma a ba shi jarrabawar da aka ba siminti: curi, kwana 7, tsomawa a ruwa, matsewa. Ƙasa a bushe ko ba magani ƙarfi gare ta, a jiƙe ake gane na gaske.

Akwai inda wannan hanya ba za ta yi ba, kuma bai kamata a tilasta ta ba. A bakin lagun da wuraren da aka cike fadama, kamar sassan Lekki da Ajah, a ƙarƙashi akwai baƙin taɓo mai laushi da ke nutsewa a hankali shekara da shekaru. Tushe mai tauri a kan irin wannan karyewa zai yi. Sai an fara magance ƙasan, ko a kwashe taɓon a cike da yashi, ko a shimfiɗa ƙyallen ƙarfafa ƙasa. Tsoffin fadamun ruwan gishiri kuma kan ƙunshi wani sinadari da ake kira salfet, wanda in ya haɗu da siminti ko layim da ruwa yakan kumbura ya ɗaga titi, don haka idan gwaji ya nuna ya haura kashi 0.3 cikin ɗari a sake shawara. Hanyoyin tashar jirgin ruwa kuwa kankare ya fi dacewa da su, kamar yadda aka sake gina hanyar Apapa zuwa Oshodi da Oworonshoki. To amma ko kankaren, ko bulon intalok da ya cika titunan unguwanni, yana buƙatar ɗaurarren tushe a ƙarƙashinsa, in ba haka ba ruwa zai zuƙe ƙasar ya bar shi a kan iska.

Duk abin da muka faɗa a sama bai da amfani idan ruwa na kwana a kan titi. Lambatu da kwalbati su ne aikin farko, ba na ƙarshe ba. Gindin lambatu ya zama kamar santimita 75 ƙasa da tsakiyar titi, kuma ya kasance yana da inda yake zubarwa, domin lambatun da ya cika da leda da yashi tafki ne a gefen tushe. A gyara bututun ruwan da ke yoyo, a binne duk wayar da za a binne, a gano masu kusa da sama don kada haƙoran inji su tsinke su, a sauke murafun ramukan kwata, duk kafin a fara. Yanka ɗaurarren tushe daga baya don shigar da bututu yana buɗe masa rauni da ba ya warkewa. A tuna kuma niƙaƙƙen titi yana ƙara auki, don haka a unguwar da ƙofofi ke dab da titi sai an rage wani abu daga haɗin kafin a sa siminti, domin titi ya koma tsayinsa na da. Ƙurar siminti da ta layim na ƙona ido da fata, don haka a sanar da masu abinci da mahauta tun da wuri su rufe kayansu, leburori kuma a ba su safar hannu da tabarau da takalmin roba.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Ayyuka ta jiha da ta tarayya, da hukumar gyaran titunan tarayya ta FERMA, da hukumar ayyukan jama'a ta jihar Legas mai masana'antun kwalta a Ojodu da Imota da Badagry, shi ne a sa wannan hanya cikin zaɓin da ake dubawa kafin a ba da kwangilar sake titi. A rubuta a takardar kwangila cewa ba a fara aiki sai da sakamakon gwaji, a fara da gwajin mita 100 zuwa 200 a gaban injiniyan gwamnati, kuma biya ya dogara da zurfi da nauyin daɓe da ƙarfin kwana 7, ba da adadin buhunan da aka rubuta ba. Wuraren gwaji ba su yi ƙaranci ba, ga ɗakin gwajin hukumar binciken gine-gine da tituna ta NBRRI a Ota, ga na jami'o'in da ke cikin Legas. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su ma suna da 'yancin tambayar ɗan kwangila kashi nawa na siminti zai sa, zurfi nawa zai ci, daga ina zai ɗebo ruwa, kuma kwana nawa zai tare manyan motoci, sannan su ƙirga buhunan da aka jera da idonsu.

Lokacin aikin daga Nuwamba zuwa Maris ne, domin ruwan sama a kan simintin da aka barbaɗa ba a daɓe ba asara ce tsantsa. Haƙa ramukan gwaji kuwa a yi shi tun cikin damina, lokacin da ƙasa take a mafi rauninta, domin sakamako da takardun kwangila su kammala kafin ruwan Oktoba ya ɗauke.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyi da ma'aikatan hanya,
Agege, Legas.